Shafin da makro bai kamata ya taɓa ba: wace hanya ce ta fi tsare shi?

Fayil ɗin Excel na sakamakon jarrabawa da nake kula da shi a makarantarmu shafi 14 gare shi. Guda 12 na azuzuwa ne, daga JSS1A har SS3B. Sai Jimla, wanda ke tattaro matsakaicin makin kowane aji, sai kuma Saiti, inda aka jera sunayen darussa da iyakar makin kowane mataki. Duk farkon zango akwai maɓalli guda da ake dannawa, makro, wato ɗan jerin umarni da aka rubuta wa Excel ya aiwatar da kansa, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya yana share makin zangon da ya wuce, daga gida C5 zuwa F60. Shafi biyun can kaɗai aka ce ya tsallake.

Wani farkon zango aka aiko ɗalibi ya kira ni ɗakin malamai. Na tarar da malamar da ke shigar da maki ta yi tagumi a gaban kwamfuta. Ta ce, "Malam, zo ka gani, Jimla ta koma fayau." Kanun layuka suna nan, sunayen azuzuwa suna nan, amma fomulolin tsakiya babu ko ɗaya. Da na duba kunnen shafin a ƙasa, inda sunansa ke fitowa, sai na ga JIMLA da manyan haruffa. Wani daga cikinmu ne ya gyara sunan, don yana fitowa a saman takarda in an buga, yana so ya yi kyau. Shi kuwa makro "Jimla" ya sani, bai san "JIMLA" ba, sai ya ɗauke shi aji kamar sauran. Ctrl+Z ba ya dawo da abin da makro ya share. Da a ce an rufe fayil ɗin ba tare da an adana ba da an tsira, to amma duk wanda ɗauke wuta ya taɓa cinye masa aiki ya san yadda hannu ke kai wa Ctrl+S da kansa, kuma ta riga ta danna. Ranar sai bayan magariba na gama mayar da fomulolin daga wani tsohon kwafi da ke cikin filashi.

Daga nan na zauna na bi hanyoyin da ake ce wa makro "wannan shafin ba naka ba ne", na gwada kowace a kan fayil ɗinmu. Dukkansu suna aiki ranar da aka rubuta su. Bambancinsu sai bayan wata uku yake fitowa, lokacin da fayil ya bi hannun mutum biyar.

Hanyar da kowa ke fara koya ita ce ta suna, kuma ita ce ta cinye mana Jimla:

```
Dim ws As Worksheet
For Each ws In ThisWorkbook.Worksheets
    If ws.Name <> "Jimla" And ws.Name <> "Saiti" Then
        ws.Range("C5:F60").ClearContents
    End If
Next ws
```

Ba zan raina ta ba. Ko wanda bai taɓa rubuta makro ba zai karanta ya gane, kuma tana aiki ko da makron yana zaune a wani fayil dabam yana yi wa wannan aiki daga nesa. Sai dai ramukanta suna da yawa. Na farko a wajen rubutu yake: mutum a ransa yana cewa "in ba Jimla ba ne ko Saiti", sai ya sa Or a madadin And. Da Or sharaɗin kullum gaskiya ne, domin Jimla ai ba Saiti ba ne, Saiti kuma ba Jimla ba ne, don haka babu shafin da zai tsira. Na biyu shi ne na babban harafi da ƙarami. Abin da ke yaudarar mutum a nan shi ne Excel kansa bai damu da wannan bambanci ba: in ka rubuta Worksheets("jimla") zai nemo maka shafin, kuma ba zai bari ka sa wa shafi biyu Jimla da JIMLA a fayil ɗaya ba. Amma alamar <> a VBA, yaren da ake rubuta makro da shi, harafi da harafi take gwadawa, sai fa in ka rubuta Option Compare Text a can saman modul ɗin, wato wurin da aka rubuta makron a ciki. Maganin wannan mai sauƙi ne, ko ka sa wannan layin, ko ka mayar da sunan ƙananan haruffa kafin gwaji, ka haɗa da Trim don ya yanke ratar da yatsa kan bari a ƙarshen suna ba a sani ba:

```
If LCase(Trim(ws.Name)) <> "jimla" Then
```

Wannan zai tare JIMLA da "Jimla " mai rata a baya. Ranar da wani ya mayar da shi "Jimla 2025" kuwa, an gudu ba a tsira ba.

Mu masu rubutu da Hausa akwai wani rami na uku da ya shafe mu kai tsaye. Excel yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ a sunan shafi lafiya lau, za ka iya sa Kuɗi ko Taƙaitawa. Amma tagar da ake rubuta VBA, wadda Alt+F11 ke buɗewa, tsohon tsarin haruffa take bi, ba ta riƙe haruffanmu masu lanƙwasa. In ka liƙa "Kuɗi" a ciki za ka ga ɗ ya koma alamar tambaya, daga nan kuma sunan da ke cikin makro ba zai taɓa yin daidai da na shafin ba, kuma babu wani gargaɗi da zai fito. Ana iya zagaye matsalar da lambar harafin: ɗ shi ne ChrW(599), ƙ shi ne ChrW(409), ɓ kuma ChrW(595). Wato "Ku" & ChrW(599) & "i". Yana aiki, amma ba daɗin karatu, kuma da zarar wani mai kwamfutar da ba ta da allon Hausa ya sake buga sunan ya zama Kudi, shi ke nan. Af, har ila yau Excel ba ya yarda sunan shafi ya fara da alamar ɗauri ta sama, don haka 'Yan Aji ba zai shiga ba. Abin da mutane za su yi su kauce wa wannan, kowa da nasa, makro kuma bai san da su ba.

Idan shafukan da za a tsallake sun kai huɗu ko biyar, jera And na gajiyar da ido. VBA kuma ba shi da umarnin da ke cewa "wuce zuwa na gaba" a tsakiyar zagaye, shi ya sa Select Case ya fi tsafta:

```
Select Case LCase(ws.Name)
    Case "jimla", "saiti", "bayani"
        'a bar su
    Case Else
        ws.Range("C5:F60").ClearContents
End Select
```

Wasu kan zuba sunayen cikin jimla ɗaya su nema da InStr. In za ka bi nan, ka kewaye kowane suna da alamar /, kamar "/jimla/saiti/", ka nemi "/" & LCase(ws.Name) & "/". In ba haka ba shafi mai suna "Sai" ko "Jim" zai tsira ba don ka so ba. Na zaɓi / ne domin tana cikin alamomin da Excel ya hana a sunan shafi, tare da \ da ? da * da : da baka-biyu masu kusurwa, don haka ba za ta taɓa cin karo da sunan gaske ba. Duk wannan gyaran fuska ne dai, tushen bai canza ba: har yanzu ka rataya ne da sunan da kowa zai iya danna wa sau biyu ya sake.

Hanyar matsayi ba zan daɗe a kanta ba. Ita ce a ce For i = 3 To Worksheets.Count, wai don Jimla da Saiti su ne na ɗaya da na biyu. Jan kunnen shafi da linzami zuwa wani wuri bai kai daƙiƙa biyu ba. Shift+F11 yana saka sabon shafi ne a hagun wanda kake kai, in kana kan Jimla sabon ya zama na ɗaya, Saiti ya koma na uku ya shiga layin sharewa. Ɓoyayyun shafuka ma ana ƙirga su a lissafin alhali ido ba ya ganinsu. Ban ga aikin da zan ba wa wannan hanya ba, sai ko a fayil ɗin da makro da kansa ya ƙirƙira yanzu-yanzu, hannun kowa bai kai gare shi ba.

Wadda ta fi burge ni da farko ita ce ta sunan ciki, wanda VBA ke kira CodeName. Kowane shafi suna biyu gare shi: na kunne, wanda kowa ke gani, da na ciki, wanda sai an shiga tagar VBA ake ganinsa. In ka duba jerin da ke gefen hagu za ka ga Sheet1, a gefensa kuma Jimla cikin baka. Sheet1 ɗin shi ne na ciki. Ka danna shafin, ka danna F4, a layin farko na akwatin da ya fito ka sake masa suna zuwa shJimla. Daga nan za ka iya kiransa kai tsaye:

```
If Not ws Is shJimla And Not ws Is shSaiti Then
```

Yanzu a mayar da kunnen JIMLA, a mayar da shi Taƙaitawa, a ja shi ƙarshe, a ɓoye shi, duk bai dame ka ba. Matsalar ƙ da ɗ ma ta kau, tunda ba ka rubuta sunan kunne a cikin makro ba. Akwai kuma wani alheri da ban lura da shi ba sai daga baya. In kana da Option Explicit a saman modul, kuma ka yi kuskuren rubuta shJimal, ko wani ya goge shafin gaba ɗaya, makro zai ƙi tashi tun kafin ya taɓa gida ko ɗaya, ya ce bai san wannan suna ba. Kuskure a cikin "Jimal" mai alamar zance kuwa shiru zai wuce, ya je ya yi ɓarna.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kiran shJimla kai tsaye yana aiki ne kawai in makron da shafin suna fayil ɗaya. In makronka yana cikin Personal.xlsb, fayil ɗin da Excel ke ajiye makrorin mutum na kansa, yana yi wa fayilolin wasu aiki, sai dai ka gwada ws.CodeName <> "shJimla", kuma sai in ka tabbata kowane fayil an sa masa wannan sunan, wanda da wuya. Sannan in wani ya goge Jimla ya sake gina sabo, sabon zai zo da sunan ciki irin Sheet15. Babbar matsalar kuma ita ce kwafi. Malami yana so ya gwada wani abu ba tare da ya ɓata na asali ba, sai ya kwafi shafin, Excel ya ba shi "Jimla (2)" da sabon sunan ciki. Wannan kwafin ba Jimla ba ne a suna, ba shJimla ba ne a ciki. Hanyar suna za ta share shi, hanyar sunan ciki ma za ta share shi.

Akwai waɗanda ke fitar da jerin sunayen daga cikin makro su ajiye shi a shafi, inda kowa zai iya ƙarawa ba sai ya buɗe VBA ba:

```
If WorksheetFunction.CountIf(shSaiti.Range("J2:J20"), ws.Name) = 0 Then
```

Wannan ta dace da fayil ɗin da za ka miƙa wa wasu ka tafi, irin na ofishin da ake ƙara shafuka duk wata. Gidan Excel yana riƙe ƙ da ɗ yadda suke, CountIf kuma bai damu da babban harafi ko ƙarami ba. Na fi son CountIf a kan Match, wata fomular nema, a nan, saboda in shafin sunansa 2025 ne, wanda ya buga 2025 a gida lamba ya buga, sunan shafi kuwa rubutu ne, Match zai ce bai gani ba, CountIf zai gani. Kada ka manta ka sa Saiti kansa cikin jerin. Kuma ka sa makro ya duba tukuna ko jerin ba fanko ba ne, ya tsaya in babu komai a ciki, domin ranar da wani ya share layin J bisa kuskure, ranar kowane shafi ya zama halal. Ta rage maka yawan kira, amma ta ɗora wa mutane nauyin tunawa su sabunta jerin duk lokacin da suka sake suna.

Wasu na amfani da launin kunne, su ce duk shafi mai jan kunne a bar shi. Ido na ganinsa, wannan gaskiya ne, amma mutane na son yi wa kunnuwa ado, ba zan ɗora fomulolin shekara guda a kan launi ba. Ɓoye shafi kuma ba kariya ba ne ko kaɗan. For Each yana shiga ɓoyayyu, har da wanda aka yi wa ɓoyon da ba ya fitowa a jerin Unhide. Sai ka rubuta If ws.Visible = xlSheetVisible da hannunka kafin ya bar su.

Maganar kwafin nan ce ta sa na gane tambayar da nake yi tun farko ce a karkace. Duk hanyoyin da na ambata cewa suke yi: ka taɓa kowa, ban da wane da wane. Ke nan duk shafin da makro bai gane ba, sharewa ce rabonsa. Ana iya juya ta: kada ka taɓa kowa, sai wanda ya nuna shaida. Ga azuzuwanmu da ke da tsarin suna, Like na iya yi:

```
If UCase(ws.Name) Like "JSS#*" Or UCase(ws.Name) Like "SS#*" Then
```

Alamar # na nufin lamba guda, * kuma duk abin da ya biyo baya. Ka lura a nan Or ne daidai, tunda yanzu cewa muke "in wannan ne ko wancan". Idan wani ya mayar da SS2B zuwa "SS 2B", makro zai tsallake shi, tsohon maki ya zauna. Kuskure ne, amma dubi girmansa: ka gyara suna ka sake danna maɓalli. A ɗaya ɓangaren kuwa fomula ce ta tafi.

Na ƙara matsawa gaba na daina dogaro da suna gaba ɗaya. A kowane shafin aji na rubuta AJI a gida Z1, can gefe inda ba ya fitowa a takarda. Wanda zai buɗe sabon aji dama kwafin wani aji yake yi, shaidar sai ta bi shi. Wanda ya kwafi Jimla kuwa kwafinsa ba shi da ita.

```
Sub ShareMaki()
    Dim ws As Worksheet, anBari As String
    For Each ws In ThisWorkbook.Worksheets
        If ws.Range("Z1").Text = "AJI" Then
            ws.Range("C5:F60").ClearContents
        Else
            anBari = anBari & ws.Name & vbNewLine
        End If
    Next ws
    MsgBox "Na tsallake:" & vbNewLine & anBari
End Sub
```

Saƙon ƙarshen nan ba ado ba ne. Raunin wannan hanyar ɗaya ne, shi ne a goge Z1 na wani aji, tsohon maki ya kwana a sabon zango ba a lura ba. Da zarar sunan aji ya fito cikin waɗanda aka tsallake, mai dannawa zai gani nan take.

Ba kowane makro ne ke buƙatar wannan tsanani ba. In aikinsa daidaita faɗin layuka ne ko shirya shafuka don bugawa, ka yi amfani da suna kawai, ko ya shiga inda bai kamata ba babu abin da ya lalace. In kana so sunan ya zauna daram, je Review ka danna Protect Workbook ka kulle tsarin fayil, daga nan ba mai iya sake suna ko ja ko kwafi ko goge shafi sai da kalmar sirri, sai dai kowane sabon aji sai an neme ka. In makron tattarawa yake yi, yana kwaso layuka daga kowane shafi yana zuba su a Jimla, sunan ciki ne ya dace, domin shafi ɗaya tak kake gudu, wanda in ya shiga zagayen zai kwafi kansa cikin kansa lissafi ya ninka. Amma duk makron da ke sharewa, ko rubutu a kan abin da ke nan, ko goge shafi ɗungurungum, ni dai shaida nake sa ya nema. Wajen goge shafuka ma in da lamba kake zagayawa, ka faro daga ƙarshe da Step -1, don duk wanda ka goge na bayansa kan matso su canza lamba.

Kowace ka ɗauka, akwai ƙananan abubuwa da ke rushe ta daga gefe. In ka manta ws. a gaban Range, sharaɗinka zai yi aiki daidai amma sharewar za ta faɗa kan shafin da ke buɗe a gabanka, sau 12, kuma sau da yawa maɓallin a kan Jimla yake. In ka rubuta Sheets a madadin Worksheets kuma akwai shafin jadawali na zane a fayil ɗin, makro zai tsaya a tsakiya da kuskure mai lamba 13, rabi an share rabi ba a share ba. ActiveWorkbook kuma fayil ɗin da ke gaba yake nufi, ko da ba naka ba ne, ThisWorkbook shi ne wanda makron ke ciki. Kafin na bar makro ya share komai, nakan cire layin sharewar na sa Debug.Print ws.Name a gurbinsa, na danna Ctrl+G, na karanta sunayen da ya lissafo. In na ga 12 kuma duk azuzuwa ne, sannan na mayar da layin.

Masu aiki da Google Sheets su ma zaɓin iri ɗaya ne, sunayen umarnin ne suka bambanta: getName() shi ne sunan kunne, getSheetId() kuma lamba ce da ba ta canzawa in an sake suna, ita ce ke bayan gid= a adireshin shafin. Excel na waya kuwa ba ya tada makron VBA sam, amma ana iya sake sunan shafi da shi, kuma malamanmu da yawa a waya suke buɗe fayil in an turo musu ta WhatsApp.

Farkon zangon da ya wuce malamar ta sake aikowa a kira ni. Ta ce, "Malam, shafi uku ya ce ya tsallake, ba biyu ba." Na leƙa saƙon: Jimla, Saiti, sai "Jimla (2)". Jami'in jarrabawa ne ya kwafa don ya fitar wa shugaban makaranta da kwatancen zango biyu, bai gaya wa kowa ba. Muka buɗe shi, fomulolinsa suna nan cif. Ta danna OK ta ci gaba da shigar da makin JSS1A.